Aya Uku da Maganin Ido

Matata ce ta fara lura. Sau uku a cikin mako guda na ture kofin shayi da hannun hagu, kuma kowane karo kofin yana nan kusa da gwiwata, inda duk mai ido zai gan shi. Karo na farko ta ce gaggawa ce ta yi min yawa, na biyu ta goge tabarma kawai, na uku kuwa sai ta zauna ta zuba min ido har na tsargu. Ni dai ban ɗauki abin a bakin komai ba, sai ranar da zan tsallaka titi in shiga unguwar Tsinga in kai wa wani mutum rigarsa. Taksi ya ja burki dab da ƙafata, direban ya leƙo ta taga yana zazzaga min faɗa da Faransanci. Ban ga motar ba sam. Ta hagu ta fito, kuma a wurina ta hagun nan babu komai, sai kawai na gan ta a gabana.

Ni tela ne. A nan Briqueterie aka haife ni, unguwar da mu 'yan cikinta muke ce wa Birik. Kakana ne ya zo Yawunde daga Kano da fatauci, ya zauna bai koma ba. Na fi shekara talatin a kan keken ɗinki, amma abin da aka fi sanina da shi shi ne aikin hannu a gaban babbar riga, irin wanda ake zama da allura da zare wata biyu ana yi. Saboda haka da matata ta ce lallai a je a duba idona, sai na ji gabana ya faɗi tun kafin a je.

'Yata ta fari, wadda take aure a unguwar Cité Verte kuma take koyarwa a makarantar firamare, ita ta kai ni wurin likitan ido a tsakiyar watan Disamba. Aka ɗora haɓata a kan wani inji, aka ba ni maɓalli aka ce in danna duk lokacin da na ga ɗigon haske. Da idon dama na yi ta dannawa. Da aka koma na hagu, sai na riƙa jin injin yana motsi, ni kuwa ina zaune da maɓalli a hannu ina jiran hasken da bai zo ba. Likitar mace ce, ta yi bayani a hankali, amma Faransancina na kasuwa ne da na cikin taksi, sai 'yata ta riƙa juya min. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya yi asarar gefensa da yawa, na dama kuwa yanzu ya fara. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma idan na riƙe maganin ɗigawa safe da yamma ba fashi, ana iya tsare abin da ya rage shekaru masu yawa. In dawo bayan wata uku.

Duk wannan an faɗa min, 'yata ta sake maimaitawa a cikin taksi har sau biyu. Amma abin da ya zauna a kunnena shi ne ba ya dawowa. Ina da baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya makance da girma. Abin da na fi tunawa da shi shi ne zamansa a kan benci a ƙofar gida, idan an gaishe shi ya juyo da fuskarsa yana murmushi, amma kullum sai ya ɗan kauce wa mai gaisuwar. Shi na yi ta gani a raina har muka iso gida.

Mu a gidanmu ba mu taɓa ɗaukar ɗaya ga Janairu da wani muhimmanci ba. Shekararmu a Muharram take juyawa. Janairu dai lokaci ne da masu shaguna ke raba kalanda, abokan cinikinmu Kirista su yi mana bon ane, wato barka da sabuwar shekara, mu amsa musu da fara'a. Amma a wannan karon sai na ji shigowar shekarar ta tsaya min a rai. Na yi ta tambayar kaina, ko idan wata Janairun ta zo zan iya ganin lambobin kalanda? Da safiyar ranar na buɗe shago alhali ba ni da aikin gaggawa, layin teloli shiru, na ɗauko littafin da nake rubuta awon mutane, na juya shafin ƙarshe na fara rubutu.

Abu goma sha ɗaya na rubuta. Na farko, in haddace Littafin Allah gaba ɗaya kafin shekara ta ƙare, don idan ido ya tafi ba zan iya duba mus'hafi ba, gara karatun ya kasance a ƙirji. Izu sittin ne, ni kuwa tara gare ni tun na ƙuruciya, su ma suna rawa. Na yi lissafi na ga idan ina ɗaukar shafi ɗaya da rabi kullum zan kai, a kan takarda kuma abin bai yi min kama da mai wuya ba. Na rubuta zan gama wa mijin 'yata babbar riga mai aska takwas da hannuna, in kuma yi wa kaina wata. Zan je Ngaundere in ga yayata, in wuce Garwa da Marwa in ga dangin mahaifiyata, in tsallaka Kano in ga gidan kakana da ban taɓa gani ba. Zan ɗinka wa jikokina kayan Sallah na shekara uku masu zuwa, in ƙiyasta tsayin da za su yi. Zan koyi tafiya daga ɗaki zuwa masallaci, daga masallaci zuwa shago, ido a rufe. Akwai gyaran rufin ɗaki, akwai wasu da yanzu nake jin kunyar faɗa. Na rufe littafin na tura shi ƙarƙashin yadudduka, ban nuna wa kowa ba.

Makon farko na yi ƙoƙari. Da an idar da sallar Asuba sai in zauna da mus'hafi, in yi ta maimaita layi har ya zauna. Matsalar ita ce maganin nan idan aka ɗiga shi yana yaji, ido ya yi hazo-hazo na ɗan lokaci, ni kuwa a ganina ba ni da wannan ɗan lokacin. Sai in ce bari in gama shafin nan tukuna. Kafin in gama rana ta ɗaga, in fice shago a gurguje, kwalbar tana can a kan kwaba. Da yamma ma haka, ina son in ci sauran hasken rana a kan rigar surukina. Ranar da na tuna in ɗiga, ranar da ban tuna ba in ce gobe.

Shiga mako na uku karatun ya fara cuɗe min. Abin da na ɗauka ranar Litinin, ranar Laraba ya gudu. Ayoyin da suka yi kama da juna su riƙa shiga cikin juna, in fara a wannan sura in tsinci kaina a wata. Na koma baya da shafi goma, sannan sha biyar, kullum da safe sai in ƙara wa ranar nauyin jiya. Abinci ya daina yi min daɗi. Da na farka abin da nake fara yi shi ne in rufe idon dama da tafin hannu, in kalli ƙofar ɗaki da na hagu, ina auna ko jiya na fi ganin gefenta. Ban taɓa samun amsa ba, amma ban fasa ba. Duk wanda ya yi min magana a gida sai in hayayyaƙo masa.

Wata rana da la'asar ina zaton matata ta tafi kasuwa, na tsaya a bakin ɗaki na rufe ido, na fara tafiya zuwa famfo ina ƙirga taku, hannuna a gaba. A taku na bakwai na yi ƙwallo da murhun gawayi. Allah ya sa babu wuta. Da na buɗe ido sai na gan ta tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu. Ta tambaye ni lafiya, na ce jiri ne ya ɗan ɗebe ni. Ta dube ni, ta dubi gawayin da ya watse, ta koma ciki.

Abin ya fito fili ne a farkon Fabrairu, a ƙaramin masallacinmu na ƙarshen layin teloli. Limaminmu wani dattijo ne Bafulatani daga wajen Marwa, muna ce masa Modibbo kamar yadda mutanensu ke kiran malami. Ranar ya je ta'aziyya bai dawo da wuri ba, lokacin Magariba ya yi, aka dudduba aka tura ni gaba don ni ne babba a wurin. Da na zo wurin sura a raka'ar farko, maimakon in ɗauki wadda na saba, sai raina ya ba ni in ja daga sabon karatun da na sha wahala a kansa. Aya uku na yi, ta huɗu ta ɓace. Wani a baya ya tuna min, na kama, na yi gaba kaɗan, sai na ji kaina a cikin wata sura dabam. Na tsaya. Masallaci ya yi tsit, har ina jin masu tsire a waje suna kiran ciniki.  Na ce bari in koma ga gajeriyar sura wadda na iya tun ina ɗan shekara biyar, ita ma na neme ta na rasa farkonta. Can daga sahun ƙarshe sai na ji muryar Modibbo, ashe ya shigo bayan an ta da salla, ya ɗauko min ita a hankali, na bi shi har na kai.

Da aka sallame babu wanda ya yi min dariya. Wani mahauci ma ya riƙe hannuna ya ce kowa yana gamuwa da irin wannan. Modibbo kuwa, da nake neman takalmina, sai ya matso ya ce in same shi gida gobe da hantsi.

Na same shi a zaurensa a kan buzu. Hausarsa irin ta wanda ya koya da girma ce, yana magana yana zaɓen kalma. Ya tambaye ni me ya sa mutumin da ya yi shekara talatin yana zaune lafiya da izu tara ya tashi rana ɗaya yana tsalle zuwa tsakiyar karatu. Ban yi niyyar faɗa ba, amma sai na ji ina faɗa, tun daga kofin shayi har zuwa littafin awo. Ya ce in je in ɗauko littafin. Shi ba ya karanta boko, ni na riƙa karanta masa ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan kayan Sallar jikoki na shekara uku, ya sunkuyar da kai yana shafa gemu, na san dariya yake ɓoyewa.

Ya tambaye ni izu taran nan a shekara nawa na same su. Na ce shida. Ya ce a lokacin da ba ni da shago ba ni da iyali ke nan, na ce haka ne. Sai ya ce, “To karanta min wurin magani.”

Na duba shafin daga sama har ƙasa, alhali na san babu.

Ya ce, “Ɗana, wannan takarda ta wanda ya riga ya makance ce. Kai kuwa ga ka kana kallona.”

Daga nan ya yanka min abin da zan yi. Aya uku a rana, idan doguwa ce ɗaya ta isa. Juma'a babu ƙari sai maimaita na baya. Ranar Asabar in zo in karanta masa. Na ce, Allah gafarta Malam, a wannan tafiyar ai sai in mutu ban gama ba. Ya ce mai yiwuwa ne, shi ma bai san ko zai kai Asabar ɗin ba, amma wa ya ce min sai na gama? Ya ba ni labarin cewa a can arewa ya yi karatu tare da makafi biyu, da kunne suka haddace, sun ma riga shi. Ko da abin da nake tsoro ya faru, in ji shi, ƙofar hadda ba ta rufe ba, saboda haka in daina gudu. A cikin garuruwan da na lissafa kuma ya ce in zaɓi ɗaya. Ya tambaya wa ya fi tsufa a cikin waɗanda nake son gani, na ce yayata. Ya ce to Ngaundere. Sauran abubuwan ya ce ba fanninsa ba ne, in kai wa mai ɗakina ta duba.

Ba zan ce na fito daga zauren nan da sanyin zuciya ba. Aya uku ta yi min kama da sallamawa. Ina tafiya ina lissafin yawan abin da zan bari, ina jin kamar ana rage min rabona ne.

Duk da haka na kai wa matata littafin. Ta fi ni karatun boko, ta karanta shi a tsaye. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar maganin, ta ɗaga ta a hasken taga don in gani. Kwalbar wata guda ce, ga shi an yi mako bakwai, maganin ko rabi bai sauka ba. Ta ce kullum sai ta duba ta bayan na fita, ta rasa ta inda za ta ɓullo min, don kwanakin nan ko sannu aka yi min sai na mayar da ita faɗa. Ranar da ta gan ni ina lalube a tsakar gida ido a rufe, ta ce, ta kasa ƙarasa girkin da take yi. Ta so ta kira 'yarmu ta faɗa mata, ta ji tsoron kada in ce ta tona min asiri.

Ta ce, “Malam, daga yau maganin nan a hannuna yake. Bayan Asuba, bayan Magariba. Ko kana fushi da ni, ka kawo idon ka koma da fushinka.”

Ita ta soke maganar kayan jikoki, ta ce yara yadda suka ga dama suke tsawo, kuma babu wanda zai sa ɗinkin da ya kwana shekara uku a akwati. Rigar surukina ta ce in riƙa yi da hasken safe kawai, awa guda, ranar da ta ƙare ta ƙare. Rufin ɗaki ta ce akwai kafinta a unguwa. Na buɗe sabon shafi na rubuta layi uku: magani safe da yamma, aya uku, Ngaundere bayan Babbar Sallah. Na daɗe ina kallon shafin, kusan duk fari ne, zuciyata tana ce min ƙara ko ɗaya. Na rufe ban ƙara ba.

Ranar komawa wurin likita ta zo a watan Maris.  A ɗakin jira na zauna kusa da 'yata, duk wanda ya fito daga ciki sai in bi fuskarsa da kallo. Bayan an sake ɗora ni a kan injin nan, likitar ta ɗora takardun biyu kusa da juna ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaya ko na yi fashin magani. 'Yata ta buɗe baki za ta ce a'a, na riga ta, na faɗi gaskiya. Likitar ba ta yi min faɗa ba. Ta ce yanzu hawan ya sauka, idon dama yana nan yadda yake, amma na hagu ya ƙara rasa ɗan abu a gefe. Na tambaya ko fashin da na yi ne ya jawo. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, amma bai taimaka ba. 'Yata ba ta yi min magana ba a cikin taksi tun daga can har Birik. Sai da muka sauka a bakin layi ta ce, “Baba, don Allah,” ta juya ta tari wata motar zuwa gidanta.

Wannan ɗan abin da na rasa har yau yana damuna, don ban san ko da hannuna na ba da shi ba. Tsoron ma bai tafi ba. Duk lokacin da ranar ganin likita ta matso sai abinci ya fita raina. Amma ranakun sun samu tsari. Aya ukun da na raina, sau da yawa Modibbo yakan maido ni in sake su mako guda cur, don ya ji ina tuntuɓe. Lokacin ɗinkin Sallah, ƙarama da babba, ban ƙara ko aya ɗaya ba, shi ma bai tambaye ni ba. Izu uku na ƙara a shekarar, kuma suna nan daram. Rigar surukina sai a shekarar da ta biyo baya ta fita.

Bayan Babbar Sallah muka hau jirgin ƙasa ni da matata zuwa Ngaundere, kwalbar tana cikin jakarta. Shekara bakwai rabona da yayata. Na same ta ta rame, kuma ashe kunnenta ya yi nauyi, babu wanda ya faɗa min. Ta riga ta ji labarin idona. Ko zama ba ta bari na yi ba, ta ja ni bakin ƙofa inda haske yake, ta kama fuskata da hannu biyu, ta ɗaga fatar idon ta leƙa. Ta ce ita dai ba ta ga komai ba, ido garau kamar na kowa. Na fara yi mata bayanin cewa daga gefe abin yake ci, ta ce me? Na ɗaga murya, ta sake cewa me? Kafin ta gane, maƙwabtanta na gida biyu sun san ciwona, har wata ta leƙo ta katanga ta yi min sannu.

Da aka yi Magariba matata ta fito da kwalbar, na jingina kaina da bango kamar yadda na saba. Yayata ta zuba mana ido, sai ta miƙo hannu ta ce a ba ta, ita ta yi min wanka ina jariri. Matata ta miƙa mata. Ɗigon farko ya sauka a kumatuna, na biyu a gefen hanci, na uku ne ya shiga. Kwana huɗu muka yi a gidanta, safe da yamma ita ce mai ɗigawa, matata tana tsaye a kanta tana duba ko ya shiga.